Ƙuri'ar Aljihu da Ƙuri'ar Iyali: Wacce Za Ka Goyi Baya, Kuma a Ina?

A shekarar 1903 aka yi zaɓen majalisar dokokin Purushiya, jiha mafi girma a daular Jamus ta wancan lokaci. Shugaban gwamnatin daular, Bernhard von Bülow, yana cikin masu zaɓe a Balin, kuma da aka duba jerin sunaye sai ga shi a aji na uku, ajin da ake zuba leburori da masu tuƙa keken doki. Ba kuskuren magatakarda ba ne. Dokar ce ta ce a raba masu zaɓen kowace unguwa gida uku gwargwadon harajin da suke biya, shi kuwa a unguwar manyan attajirai yake zaune, inda harajinsa bai kai a ɗaga ido a kalla ba. Da a wata unguwar talakawa yake, da shi ne sarkin aji na farko.

Na fara da wannan ne saboda maganar ba wa wasu mutane ƙuri'a mai nauyi fiye da ta wasu ba sabuwa ba ce, kuma ba ta mutu ba. Tana dawowa ta ƙofa biyu. Masu shigowa ta ƙofar farko suna cewa wanda ya fi zuba kuɗi a baitulmali ya kamata ya fi faɗa a ji kan yadda za a kashe su. Masu shigowa ta ƙofa ta biyu suna cewa yaro ne zai biya bashin da gwamnati ke ci yau, amma ba ya da bakin magana, don haka a ba iyayensa ƙarin ƙuri'a a madadinsa. Mutane kan haɗa su a kwando ɗaya, alhali hujjarsu ba ɗaya ba ce, waɗanda za su ci moriyarsu ma ba ɗaya ba ne. Duk wanda zai zaɓi ɗaya, ko a muhawara ko wajen rubuta tsarin mulkin wata ƙungiya, ya kamata ya san inda aka gwada kowacce da abin da ya biyo baya.

Ƙuri'ar aljihu, wato ta masu ƙofar farko, ita ce aka fi gwadawa. Tun a tsohuwar Roma ake raba 'yan ƙasa rukuni 193 gwargwadon dukiya, kowane rukuni da ƙuri'a ɗaya. Mahaya dawaki da aji na farko suna da rukuni 98, wato idan bakinsu ya zo ɗaya zaɓe ya ƙare tun kafin a kira sauran. Waɗanda ba su mallaki komai ba, duk yawansu, rukuni ɗaya tak aka cusa su.

Amma na Purushiya ne ya fi ba da darasi, don an rubuta alƙalumansa dalla-dalla. An kafa shi a 1849 a zamanin Sarki Friedrich Wilhelm na huɗu. Ga yadda yake aiki. A ɗauka jimillar harajin wata mazaɓa dubu tara ne. Sai a jera mutane daga wanda ya fi biya zuwa wanda bai biya komai ba. A fara tarawa daga sama har a kai dubu uku, waɗannan su ne aji na farko, ko da mutum biyu ne. A ci gaba har a sake tara dubu uku, aji na biyu ke nan. Duk sauran jama'a aji na uku. Kowane aji ya zaɓi kashi ɗaya cikin uku na wakilan da za su zaɓi ɗan majalisa. A zaɓen farko, kashi 4.7 cikin ɗari na masu zaɓe ne suka faɗa aji na farko, sama da kashi 82 kuma aji na uku. Idan ka yi lissafi, ƙuri'ar mutum ɗaya na sama ta kai nauyin ta mutum goma sha bakwai na ƙasa. A garin Essen an yi lokacin da mai masana'antar ƙarfe Alfred Krupp shi kaɗai ne a aji na farko, shi kaɗai yake naɗa sulusin majalisar gari. Ga shi kuma ba a asirce ake zaɓen ba, da baki mutum yake faɗin wanda yake so a gaban jama'a, wataƙila ubangidansa na zaune a teburin. Ba abin mamaki ba ne da yawancin 'yan aji na uku suka riƙa zamansu a gida ranar zaɓe.

Sakamakon ya fito fili a 1908. Jam'iyyar ma'aikata ta SPD ta samu kusan kashi 24 cikin ɗari na ƙuri'u, ta tashi da kujeru 7 cikin 443. Shi kansa Bismarck, shugaban gwamnatin daular na farko, wanda ba a taɓa zarginsa da son talakawa ba, ya taɓa cewa a majalisa ba a ƙirƙiri dokar zaɓe mafi muni da rashin ma'ana kamar wannan ba a wata ƙasa. Duk da haka sai da ta shekara 69. Dalilin kuwa shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe fiye da komai: majalisar da dokar ta haifa ita ce kaɗai ke da ikon sauya ta. An ba kura ajiyar nama, sannan aka ce ita za ta yanke ranar da za ta mayar. Ko da Sarki Wilhelm na biyu ya yi alkawarin gyara a 1917, 'yan majalisa sun yi ta jan ƙafa. Sai da aka sha kaye a yaƙi, juyin juya hali ya ɓarke a watan Nuwamba 1918, kafin aka binne ta.

Suwidin, wadda yau ake buga misali da ita wajen daidaito, ta ma wuce nan a zaɓen ƙananan hukumomi. Daga 1862 yawan ƙuri'un mutum yana tafiya ne da yawan harajinsa, kamfanoni ma suna da ƙuri'a. A farkon shekarun 1870 akwai ƙananan hukumomin karkara sama da 50 da mutum ɗaya ke riƙe da fiye da rabin ƙuri'un. Daga baya aka sa iyaka, kada kowa ya wuce ƙuri'a 40, sannan aka soke tsarin bayan yaƙin duniya na farko. Birtaniya ta riƙe ƙarin ƙuri'a ga masu shaguna da waɗanda suka gama jami'a har 1948. Mu ma abin ya shafe mu ta wata fuska: tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922 ya ba da kujerun zaɓe huɗu, uku a Legas ɗaya a Kalaba, kuma sai mai samun fam 100 a shekara ne zai yi zaɓe. Wannan ba ƙarin nauyi ba ne, rufe ƙofa ne gaba ɗaya, amma tunanin iri ɗaya ne.

To, shin hujjar masu aljihu ba ta da tushe ne sam? Tana da shi, sai dai ba a kowane fili ba. A kamfani, mai hannun jari dubu ya fi mai hannun jari goma ƙuri'a, kuma ba wanda ke ganin zalunci a ciki. A Asusun Ba da Lamuni na Duniya kowace ƙasa na da ƙuri'a gwargwadon kasonta. Amurka na riƙe da kusan kashi 16 da rabi, manyan shawarwari kuma sai da kashi 85, wato ita kaɗai tana iya taka burki, abin da ƙasashe masu tasowa suka daɗe suna kuka da shi. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta amince wata hukumar rabon ruwan noma a Kalifoniya ta riƙa ba da ƙuri'a gwargwadon darajar filin mutum, bisa hujjar cewa aikinta ƙayyadadde ne kuma masu filaye ne ke ɗaukar nauyinta. Abin da ya haɗa waɗannan shi ne, da ƙafarka ka shiga, abu ɗaya ake tattaunawa, kuma a kamfani idan ka gaji kana iya sayar da kasonka ka kama gabanka.

Ƙasa ba haka take ba. Ba ka nemi shiga ba, ba ka da inda za ka sayar da kasonka, kuma ba kuɗi kaɗai take karɓa daga gare ka ba. Tana iya ɗaure ka, tana iya rushe rumfarka, tana iya tura ɗanka fagen daga. Shi ya sa yaƙin duniya na farko ya yi awon gaba da yawancin waɗannan tsare-tsare kusan a lokaci guda: da wuya ka dubi mutumin da ya shekara huɗu a ramin yaƙi ka ce masa ƙuri'arsa ba ta kai ta mai kanti ba. Sannan maganar cewa talaka ba ya biyan haraji ma ba gaskiya ba ce. Purushiya harajin kai tsaye kawai take ƙirgawa. Wanda ake cirewa a kan kayan masarufi, wanda ya fi cin aljihun mai ƙaramin ƙarfi, ba ya shiga lissafi. Kuma a ƙasar da yawancin dukiya ba ta bi ta takarda, wa zai auna? Malamin makaranta da ake cire masa haraji tun kafin albashi ya shigo zai fito da shaida, makiyayi mai shanu ɗari uku ba ya da ko ɗaya. Ƙarshenta ma'aikacin ofishin haraji ne zai koma mai raba ƙuri'a.

Beljiyam ce gadar da ta haɗa tsarin biyu. Bayan yajin aikin gama-gari na 1893, aka ba kowane namiji ɗan shekara 25 ƙuri'a ɗaya. Magidanci ɗan shekara 35 da ke biyan harajin gida aƙalla faran 5 ya samu ƙarin ɗaya, mai kadara ƙarin ɗaya, mai babban ilimi ƙarin biyu, amma ba wanda zai wuce uku. Wannan iyaka ta yi aiki ba kaɗan ba, don a zaɓen 1894 'yan gurguzu sun shiga majalisa da kujeru 28, abin da takwarorinsu na Purushiya ba su ko yi mafarkinsa ba. Duk da haka a 1919 aka koma mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, ga maza dai, don mata sai 1948 suka samu cikakken 'yancin zaɓe.

Ƙuri'ar iyali zalla kuwa an fi yin maganarta fiye da aiki da ita. Faransa ce ta fi ɗaukar ta da zafi. Bayan ta rasa sojoji kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu a yaƙi, ga haihuwa ta yi ƙasa, sai a 1923 majalisar wakilai ta amince ta duba ƙudurin Henri Roulleaux-Dugage na ƙara wa iyaye ƙuri'a gwargwadon 'ya'yansu. Bai zama doka ba. Wani ɓurɓushinsa dai ya iso yankinmu, domin dokar zaɓe ta 1951 ta ba matan ƙasashen da Faransa ke mulka, har da Nijar, damar yin zaɓe idan sun haifi 'ya'ya biyu, sai a 1956 aka buɗe wa kowa. A Sifen ta zamanin mulkin kama-karya na Janar Franco ma masu gida ne ke zaɓen sulusin 'yan majalisar gari. Ban kawo wannan don in shafa wa ra'ayin baƙin fenti ba, sai don a ga cewa a tarihi an fi amfani da shi wajen ƙarfafa maigida ko ƙarfafa haihuwa, ba wajen jin muryar yaro ba.

Sabon salon ya fito ne daga Paul Demeny, masanin ƙidayar jama'a ɗan asalin Hangari, a 1986. Shawararsa ita ce kowane yaro yana da ƙuri'a tun daga haihuwa, uwa ta kaɗa rabi uba ya kaɗa rabi har ya kai shekarun zaɓe. Damuwarsa tsufan al'umma ce. A Japan yau kusan mutum uku cikin goma sun kai shekara 65, kuma tsofaffi sun fi matasa fitowa zaɓe, don haka ɗan siyasar da ya taɓa kuɗin fansho ya san makomarsa, wanda ya yi sakaci da makarantun renon yara kuwa ba abin da zai same shi. Wannan matsala ce ta gaske. Shi ya sa 'yan majalisar Jamus daga jam'iyyu daban-daban suka gabatar da ƙuduri a 2003, suka sake a 2008, duka ba su kai labari ba. Jam'iyyar Fidesz ta Hangari ta so saka ƙarin ƙuri'a ga iyaye mata a sabon tsarin mulki a 2011, ta tambayi jama'a, akasarin waɗanda suka amsa suka ƙi, aka janye. J. D. Vance ya yi irin wannan magana a Amurka a 2021, daga baya ya ce tunani ne kawai yake gwadawa. Gwamnan Osaka, Hirofumi Yoshimura, ya sake tayar da ita a 2024.

Na yarda hujjar nan ta fi ta aljihu tsabta nesa ba kusa ba. Ba ta ce wani ya fi wani daraja ba, cewa ta yi akwai mutanen da aka manta da su a ƙirga. Ba ta fifita mai kuɗi, a wurare da dama ma talaka ne ya fi yawan 'ya'ya. Kuma tunda uwa na riƙe da rabi, ba ta danne mata kamar yadda ma'aunin dukiya ke yi.

Inda take tuntuɓe shi ne, ƙuri'ar sunan yaro take ɗauke da shi amma hannun babba ne ke dangwala ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Zaɓe a asirce ake yi, ba wanda zai iya tabbatar da cewa uba ya duba maslahar 'yarsa ba ta jam'iyyarsa ba. Yarinya 'yar shekara 16 da ta saɓa wa ra'ayin mahaifinta, da ƙuri'arta za a zaɓi wanda ba ta so. Sannan wa ake kira uwa? Wadda ta haifa, ko gwaggon da ta yi riƙo tun daga yaye? Idan aure ya mutu yara suka koma gidan kaka, wa ke da rabin? Maraya fa, ko yaron da aka kai karatu wani gari shekara biyar bai ga iyayensa ba? Matar da Allah bai ba ta haihuwa ba, wadda da ma tana fama da gorin dangin miji, yanzu hukuma ma za ta rubuta cewa muryarta ba ta kai ta kishiyarta ba. Malamar firamare da ta shekara talatin tana koyar da 'ya'yan wasu, ita ma haka.

Akwai kuma abin da masu goyon baya ba su cika lura da shi ba. An ce tsarin don gobe aka yi shi, amma wanda ya fi asara a cikinsa shi ne saurayi ɗan shekara 22 da bai yi aure ba. Ƙuri'arsa ɗaya ce, ta maƙwabcinsa ɗan shekara 45 mai 'ya'ya huɗu ta koma uku. An ɗauke iko daga tsofaffi, gaskiya ne, amma an ɗauke daga matasa ma, aka tara wa masu matsakaicin shekaru.

Idan aka fitar da shi daga ƙasashen da aka ɗinka shi dominsu kuwa, sai lissafin ya zama wani abu daban. A Japan, inda mace ke haihuwar ɗa ɗaya da ɗoriya a matsakaici, ƙarin ɗan kaɗan ne. A Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, wato fiye da rabin ƙuri'un ƙasa za su zama na wakilci. Mai 'ya'ya shida za ta riƙe huɗu. Mai mata uku da 'ya'ya goma sha takwas zai riƙe goma shi kaɗai, ban da na matansa. Mai sayen ƙuri'a ya huta da yawo, gida biyar a unguwa sun ishe shi. Kuma komai zai rataya ne a kan rajistar haihuwa. Najeriya ta soke ƙidayar 1962, ta yi rigima kan ta 1963, ta sake soke ta 1973, duk saboda yawan jama'a na nufin kujeru da kason kuɗi. Ka ƙiyasta abin da zai faru ranar da kowace takardar haihuwa ta zama ƙuri'a. A nan tsarin biyu suka haɗu: ɗaya ya miƙa iko ga mai riƙe da kundin haraji, ɗaya ga mai riƙe da kundin haihuwa.

Saboda haka, a zaɓen shugabannin ƙasa, jiha ko ƙaramar hukuma, ba zan goyi bayan ko ɗaya ba. Idan an tilasta ni in ɗauki guda, ta iyali zan ɗauka, kuma da sharaɗin rabi-rabi tsakanin uwa da uba da iyaka mai tsauri irin ta Beljiyam, don aƙalla yara suna girma su karɓi abinsu, shi kuwa ajin dukiya gadonsa ake yi. Amma damuwar da ta haifi ra'ayin tana da magani mai sauƙi. Ostiriya ta mayar da shekarun zaɓe 16 a 2007, Barazil ta yi haka tun 1988, Sikotland ta gwada a ƙuri'ar raba-gardama ta 2014 ta ci gaba da shi. A nan yaron ne da kansa yake dangwalawa. Yankin Wales kuma ya yi doka a 2015 da ta kafa kwamishinan da aikinsa shi ne bin kadin waɗanda ba a haifa ba tukuna. Kada a manta ma cewa duk inda ake yanka mazaɓu gwargwadon yawan jama'a, da ma ana ƙirga yara.

A ƙananan ƙungiyoyi amsar ta danganta da abin da aka taru a kai. Idan jari aka haɗa don riba, kamar mutum biyar su sayi injin casar shinkafa, ƙuri'a gwargwadon jari ita ce daidai, in ba haka ba mai babban kaso zai janye. Idan rijiyar burtsatse ce ta unguwa ko gyaran kwata, gida ɗaya ƙuri'a ɗaya ya fi dacewa, kuma wannan ya bambanta da ƙirga 'ya'ya, don gidan mutum uku da gidan mutum talatin duk ɗaya ne. Idan ƙungiyar gama kai ce ta manoma ko masu sana'a, ƙa'idar da masaƙan Rochdale suka kafa a Ingila a 1844 har yanzu ita ce ake bi, mamba ɗaya ƙuri'a ɗaya komai yawan ajiyarsa.

Wani lokaci dai za a samu mamban da shi ke kawo rabin cinikin ƙungiya, ya ce ba zai zauna daidai da mai kawo buhu biyu ba. Kafin a ba shi ƙari, a duba yadda Jamus ta yau ta warware wannan a dokarta ta ƙungiyoyin gama kai. Ta yarda a ƙara wa irin wannan mamba ƙuri'a, amma a ƙa'idar da ta shafi talakawan mambobi ba zai wuce uku ba. A manyan shawarwarin da doka ta ce sai da kashi uku cikin huɗu, ƙuri'a ɗaya yake da ita kamar kowa. Ranar da kuma za a yanke shawarar rage ƙarin ko soke shi, ita ma ɗaya zai kaɗa.